Farar Giyar Bature

Daga Rabe a Tarabulus zuwa ga wana Illa a Dogo-Dogo. Bayan sallama, ya ƙafar Inna? Gero ya yi kyau bana?

Ni lafiya lau nake, sai ɗan tari.

Fatake sun kawo mini labari, wai ka gaya wa surukina na zama mashayi, har yana shirin ɗauke matata Hinda. Yaya, da raƙumanmu suka mutu a hanya, aikin gidan wani Bature kaɗai na samu. Kullum nakan buɗe farar giyarsa ta inabi in ajiye a inuwa, wai sai ta sha iska take daɗi. Ran da na kawo ta da wuri, mari na sha. Hannuna ya taɓa ta, Allah ya gafarta mini, amma bakina bai taɓa ba.

Kai da ka ƙi bin ayari, ka zauna kana cin gonata, kai ne mai ba da shaida a kaina?

Je ka wurin surukina ka janye maganarka. Allah ya kiyaye gida, a gai da kowa. Taka gaisuwar kuwa na riƙe ta sai mun haɗu.