Ruwan kifayen Adawiyya

Adawiyya,

Na wuce Mokolo, ban so in tashe ki ba. Bayan asuba na ga ruwan kifayenki ya gurɓace ya yi fari-fari, ɗan jan nan yana saman ruwa yana ta buɗe baki. Na kwashe kashi ɗaya cikin uku, na cika da ruwan bokitin da ya kwana, na tsinke ganyayen da suka ruɓe. Ya koma iyonsa, hankalinki ya kwanta.

Kakanki ne ya marmasa musu burodi jiya, da bakinsa ya faɗa mini. Yau kar ki ba su abinci, kuma don Allah kar ki yi masa ƙorafi. Tun rasuwar Hajiya, su kaɗai yake zama yana wa hira.

Mamanki