Fim Ɗin Aai a Ɗakin Bauta

Pune, Maris 1974

Yaya Gajanan,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Kusum. Gaisuwar ke nan, sauran faɗa ne.

An ce ka kwaso gwangwanayen fim ɗin mahaifiyarmu Aai daga akwatin Baba, ka jera a ɗakin bauta, kana rataya musu furanni, kana kunna musu fitilar mai. Fitila! A hakan kake koyar da 'ya'yan mutane? Fim na zamanin da ba a magana zafi kaɗan yake jira ya ci kansa. Joglekar mai tara tsofaffin finafinai yana da ɗaki mai sanyi, zai kwafe mana shi. Aiko su.

Kai ka san har salon tafiyarta. Ni ina jaririya ta rasu, ban taɓa ganin ko ɗaga hannunta ba.

Ƙanwarka,
Sulabha

Kolhapur, Afrilu

Sulu,

Albarka gare ki. Harshenki dai bai tsufa ba.

Baba ya ɓoye fim ɗin nan ne don kada ƙattin gari su zauna suna kallon matarsa tana kuka a majigi. Ba zan miƙa ta ga baƙo ba. A nan tana tare da alloli, kullum da turarenta. Kusum ta aiko miki da yajin gyaɗa.

Yayanki,
Gajanan

Pune, Mayu

Yaya,

Yaji ya iso, a gode wa Kusum.

Joglekar ya ce a fim ɗin Aai ta fito ne a matar da danginta suka kulle don kare mutuncinta, har ta mutu. Ashe kai aka bar wa ƙarashen wasan. Garinku yanzu kamar tanda yake. Don Allah buɗe ko gwangwani ɗaya ka duba.

Da girmamawar da ta rage,
Sulabha

Kolhapur, Yuni

Sulu,

Ina fata kina lafiya. Na buɗe duka. Babu fim, sai gari ja kamar tsatsa, mai wari mai hawa kai. Kusum ta ce ai tokar Aai ce, tamkar ta gawar da aka ƙona. Muka kira malamin ibada, muka zuba a kogin Panchganga da addu'o'in mamaci. Ta huta, Sulu. Na ajiye miki murfi ɗaya.

Yayanki,
Gajanan

Pune, Yuli

Yaya,

Gaisuwa. Sau biyu ke nan kuna kai ta kogi babu ni: da tokar gawarta, yanzu ta fim ɗinta. Riƙe murfinka.

Abu ɗaya za ka rubuto min. In tana dariya, rufe baki take yi da bayan hannu? Ni haka nake yi, ban san inda na samo ba.

Ka huta lafiya,
Sulabha