Zan Shiga Ƙauyen Ubana Da Munduwar Roba?

Kawu Sairusi,

Ka taimake ni kafin Lahadi. Na san shafinka na masu rikicin aure ne da masu ɓacin rai na gaske, abin da na kawo kuwa zai yi kama da kukan ƙoshi: wai an ba ni zaɓi tsakanin hutu a jirgin ruwa da hutu a otal, abinci ya daina shiga mini. Ka daure ka kai ƙarshe kafin ka yi tsaki.

Ni ɗan Fiji ne, shekarata arba'in da huɗu, sha shida daga ciki a nan Rockhampton na yi su ina fiɗar shanu a mayanka. Matata Narelle 'yar nan ce, kuma ba ni da abin faɗa a kanta. Iyayenta, Merv da Glenys, za su cika shekara hamsin da aure a watan Yuli, sai 'ya'yansu suka ce a yi tafiya gaba ɗaya, mu tara. Mutum huɗu suna son jirgin yawo da zai tashi daga Brisbane, kwana goma, ya tsaya Noumea da Vila, ya yi awa takwas a Lautoka, tashar ruwan ƙasarmu Fiji, ya juyo. Huɗu kuma suna son otal a bakin teku a Fiji, irin wanda ake biya sau ɗaya, ci da sha da kwana duk a ciki. Ni ne na tara. Lahadin da ta wuce Merv yana juya nama a kan wuta ya nuna ni da cokali ya ce, "To sarkin tsibiri, kai ne ɗan can, kai za ka raba mu. Amma in ka zaɓi abin da Glenys ba ta so, ni da kai a gareji za mu kwana." Glenys ta ce, "Rabu da shi, ɗana, wannan tsohon ko a bahon wanka jiri yake yi, shi ya sa yake tsoron jirgi." Aka yi dariya, ni ma na yi. An ba ni mako guda.

Gaskiya duka biyun ba su burge ni ba. Jirgin na taɓa shiga, kwana uku, da su ɗin dai. Bene ne mai hawa goma sha biyu aka kwantar a ruwa, aka cika shi da mutanen da suka biya don kada yunwa ta kama su ko na minti goma. Suna tashi daga tebur suna tambayar ƙarfe nawa ne na gaba. Manya masu jikoki suna rigima a kan kujerar shan rana, kowa ya shimfiɗa tawul ya kama wuri kamar filin gado. In an sauke su a wani tsibiri su sayi rigar da aka ɗinka a wata ƙasa, a yi wa matan kitso, su koma ciki da gudu kada shayin la'asar ya wuce su, su dawo gida suna cewa sun ga Vanuatu.

Otal kuwa daga ciki na san shi. Shekara biyar na yi ina aiki a irinsa tun ina ɗan sha tara. Ni ne mai ɗaura banten ciyawa in ruga da sandar wuta da faɗuwar rana ina kunna fitilun bakin ruwa, ina ihun bula, gaisuwarmu ta maraba, har maƙogwaro ya bushe, su kuma suna ɗaukar hoto da kofin giya a ɗaya hannun. Ranar da suka iso ake ɗaura wa kowa munduwar roba don a san an biya masa abinci. Shanun da ake kawo mana mayanka ma da irinta suke zuwa, sai dai su a kunne.

Ga inda matsalar take. Otal ɗin da Narelle ta zaɓo shi ne wanda na yi wa aiki. A kan ƙasar ƙauyenmu yake, tafiyar minti ashirin a ƙafa daga ƙofar gidanmu. Don ni ta zaɓe shi. Ta nuna mini a waya idonta yana ƙyalli, ta ce, "Ka ga, har da ziyarar ƙauye ranar Alhamis, sai mu ga inda ka tashi."

Kawu, ka san wannan ziyara. A lodo baƙi a mota, a zaɓi wanda ya fi tsufa a cikin maza a ce shi ne sarkin baƙi, a danƙa masa damin yangona, saiwar da muke dakawa mu jiƙa mu sha a taro, wanda otal ya saya, ya miƙa wa mai gari a matsayin sevusevu, wato gaisuwar neman izinin shiga gari, a tafa, a sha, a ɗauki hoto. Wanda ya fi tsufa a cikinmu Merv ne. Mai garin kuwa yanzu Baffa Inoke ne, ƙanin mahaifina.

Mahaifina ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ban je ba. A lokacin bizata ta ƙare, in na fita ba zan dawo ba, sai na zauna. Ban kai tabarma ba, ban kai yangona ba kamar yadda al'adar makoki ta ce, ban je cikar kwana ɗari ba. Saƙo kawai na aika. Takarduna sun gyaru shekara bakwai ke nan, tun daga nan nake cewa baɗi. Narelle ta ɗauka aiki ne ya riƙe ni. Baffa bai taɓa aiko mini ko kalma ɗaya ba, ta faɗa ko ta gaisuwa. Yanzu kuma in shiga garin a bayan surukina, da gajeren wando da munduwar roba, in zauna cikin baƙi a kan tabarmar da ban zo na zauna a kai ba ranar da aka kwantar da ubana?

Akwai kuma yayata Asenaca, wadda ta ɗauki nauyin jana'izar duka. Shekara ashirin da biyu tana gyaran ɗakuna a otal ɗin. Tun da gemu ya fito mini ba mu ƙara zama a tabarma ɗaya ba, ba na kiran sunanta a gabanta, ba ta taka inda nake kwana. Haka aka rene mu. Sai ga shi ita za ta cire zanen gadon da na kwana da matata, ta kwashe tawul ɗina daga ƙasa.

Saboda haka zuciyata ta karkata ga jirgi. Awa takwas ne kawai a Lautoka, kuma na riga na shirya ciwon cikin da zai hana ni sauka. Glenys ma jirgin take so saboda gwiwoyinta, ka ga na samu hujja mai tsabta. Ba na ƙin mutanen nan. Merv shekara arba'in ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa na gawayi, in yana so ya kwanta a rana ya ci kifi sau biyar, ya cancanta. Amma na gaji, Kawu. Wanne zan zaɓa?

Mai Fiɗa, Rockhampton

*

Ɗana Mai Fiɗa,

Na yi tsakin, amma ba a inda ka zata ba.

Bari in fara da abin da ka tambaya, don kada ka ce na kauce. Jirgi yana da amfaninsa: tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta buɗe akwati sau ɗaya, tsibirai su riƙa zuwa mata har taga, kuma mutum tara ba za su gundiri juna ba don kowa yana da inda zai ɓace. Aibinsa shi ne cunkoso, da ƙararrawar da ke kora ka komawa ciki kafin ƙafarka ta saba da ƙasa. Otal ya fi natsuwa, ɗakin ya fi faɗi, ƙasa ba ta motsi a ƙarƙashin surukinka, sai dai a kwana na huɗu mutum ya haddace teburin abincin kamar addu'ar safe. Duka biyun katanga ce aka zagaye mutum da ita aka cika masa faranti. Da iyalin wani ne suka tambaye ni, da na ce su jefa kwabo sama.

Amma kai ba wurin hutu kake nema ba, maɓoya kake nema, kuma ka zaɓi mafi muni. Su wa kake tsammanin suna wanke kwanuka da share hanyoyi a cikin jirgin nan? Su wa ke zaune da tebur a bakin tashar Lautoka suna sayar da tsakiya da man kwakwa? 'Yan ƙasarku ne. Kafin a ɗaure igiyar jirgin labari ya isa ƙauyenku cewa ɗan marigayi yana ciki, ya yi ƙiba, ya ƙi saukowa. Rashin zuwanka jana'iza yana da dalili, kowane gida a can yana da ɗa da takarda ta ɗaure a ƙasar waje, sun san wannan ciwon. Amma ka zo har bakin ruwansu ka kwanta da ciwon cikin ƙarya, wannan ba shi da fassara ta biyu. Shekara bakwai ɗin da ka yi kana cewa baɗi su ne laifinka na gaske, awa takwas ɗin nan kuma za su zama hatiminsa.

Na kuma lura da yadda ka iya raini. Ka raina masu tawul, ka raina masu kitso, ka kwatanta surukanka da shanu, kuma ban ce duka ƙarya ka yi ba, ni ma na ga abin da ka gani. Sai dai mutumin da ya shirya ɓuya a bayan gwiwoyin tsohuwa ya rage tsayin hancinsa kaɗan. Aikin da kake jin kunyar yayarka ta yi a ɗakinka, shi ne ya sayi abincin da aka ciyar da masu makokin ubanka.

Ka zaɓi otal. Amma kada ka iso tare da su.

Kafin Lahadi ka zaunar da Narelle ka gaya mata duk abin da ka gaya mini. Matar da ta tona duniya ta nemo otal ɗin da ke bakin ƙauyenku ba za ta kasa ɗaukar wannan ba, abin da zai ɓata mata rai shi ne ta ji a bakin wani. Sannan ka aika wa yayarka ta hannun mijinta ko wata gwaggo, yadda ya dace, cewa kana tafe. Maganar ɗaki ƙarama ce: ma'aikatan can 'yan gari ne, sun fi ka sanin abin da ya halatta tsakanin ya da ƙaninta, za su sauya mata ɓangare ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Ka roƙa wa Glenys ɗaki a ƙasa kusa da wurin cin abinci, ka gaya mata dalilinka da bakinka. Uwa ce, za ta haƙura da jirgin dominka.

Ka riga su da kwana huɗu. Ka sayi yangonarka da kanka a kasuwa, mai kauri, ba irin ta hoto ba. Ka haɗa da tabarmi da yadi da garwar kananzir, duk abin da ya kamata ka kai shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ka nemi dattijo daga dangin mahaifiyarka ya yi magana a madadinka, don mai neman afuwa ba ya yi wa kansa jawabi. Ka ɗaura zani irin na mazan can, ka cire hula da tabarau tun daga bakin gari, ka zauna kusa da ƙofa ka sunkuyar da kai.

Ba zan yi maka alkawarin sauƙi ba. Baffanka zai iya barin damin a ƙasa ya daɗe bai taɓa ba, zai iya faɗar abin da ya tara tun ranar jana'iza, a gaban kowa. Na sani don ni ma na yi irin wannan zaman a gaban dangina, bayan shekara tara ina ɓuya a Sydney. Wuyana ya yi kwana biyu yana ciwo. Da aka tafa aka karɓa, abin da gwaggota ta fara tambayata shi ne wa yake dafa mini abinci da na lalace haka. Ban san yadda naka baffan zai yi ba, amma ban taɓa jin an mayar wa ɗan gida da yangonarsa ba. Bayan nan ka roƙi a raka ka kabarin, ka cire ciyawar da hannunka.

Sauran kuma ka bar surukanka su ci hutunsu. Ka ɗaura munduwar, ba za ta cinye maka hannu ba. Ranar Alhamis a naɗa Merv sarkin baƙi, ya riƙe daminsa da hannu biyu yana gumi, ya manta sau nawa ake tafawa. In ka yi abin da na ce, ba a bayansa za ka shigo ba. Zai tarar da kai a zaune ɓangaren masu gida, kusa da akushin yangona, kuma kai za ka durƙusa ka miƙa masa ƙoƙon farko.

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sanyaya zuciyar baffanka, ya kai ku lafiya. Ka gaishe mini da Glenys da gwiwoyinta.

Kawu Sairusi