Buhunan Zoɓon Yaya Maulud

Manfuha, Riyad
Watan Jimada Awwal

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da kowa na gida. Yaya jikin Inna? Ko an samo mata maganin idon?

Mu nan alhamdu lillahi. Surukarka Kamila ta ji ƙarfi, wankan jego na tafiya daidai, sai dai babu darbejiya a garin nan, da tawul nake gasa ta. Jikanka Sadiƙ ne ba shi da daɗi, sanyin na'urar ɗaki ya sa masa mura. Ɗanka Musbahu lafiyarsa lau ban da ciwon baya na zaman mota. Ni kuma ƙafar nan ta hagu ta tashi.

Na rubuto ne da hannuna domin na san halinka. Idan na aiko da murya a waya, a ƙofar gida za ka kunna, duk Maigatari ta ji.

Ka tuna zoɓon da na tsince na taho da shi? Na dafa da citta da kanumfari, Musbahu ya tafi da shi wurin aiki a gora. Kafilinsa, wato ubangidan da iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ke hannunsa, wani dattijo Abu Nayif, ya sha ya nemi ƙari. Babban ɗakin ajiya gare shi a Birnin Masana'antu na Biyu, inda ake ƙulla kayan yaji da na sha a leda. Su karkade suke ce wa zoɓo, kuma suna shansa sosai da azumi. Ya ce namu ya fi wanda yake saye ja da kauri.

Da maganar ta tsaya nan da na ji daɗi. Sai ga wani Abdulƙadir, ɗan ƙasarmu, ya manne wa yaron. Ba a san aikinsa ba, amma kullum da kwat da wayoyi biyu. Yakan zo daidai lokacin da na sauke tukunya. Bakinsa cike da tuwona yake gaya mana duniya na jiran zoɓonmu da riɗinmu da ayarmu da cittarmu, wai da mun farka da man fetur ya zama abin wasan yara. Na tambaye shi ko ya taɓa ɓare zoɓo, ya ce shi tunani yake sayarwa. Mutumin da bai san ƙaiƙayin zoɓo a yatsa ba shi zai ciyar da Larabawa.

To amma Musbahu ya hau. Ya yi wa Abu Nayif alkawarin buhuna na gwaji daga wurin mahaifinsa, ya ce da sunansa ya tsaya. Don Allah Malam, a shanya a kan tamfol, ban da gefen kwalta. A sheƙe a tsince. Abin da zai shiga buhu ya bi ta idonka.

Ka gaishe da Inna da su Hajjo.

Matarka,
Sabuwa

Manfuha, Riyad
Ƙarshen Jimada Sani

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Inna. Murar Sadiƙ ta tafi, har ya fara dariya. Kamila ta gama arba'in. Musbahu ne ba ya cin abinci, kuma kai ka san dalili ko da ba a faɗa maka ba.

Kaya sun iso. Abu Nayif ya ce a zo da ni in gani, tunda ni na fara dafawa. Na sa abayata mai kyau, Musbahu ya kai ni. Wuri ne fes, ma'aikata da safar hannu da hular leda, ƙasan ɗakin ya fi farantin gidan wasu tsabta. Aka buɗe naka, jajir, ƙamshi ya tashi, dattijon yana ta masha Allah. Har na fara jin kaina.

Sai aka zo kan buhunan da aka yi wa alamar jan zare. Tun daga nesa na gane ɗinkin gidan Yaya Maulud. Bakin buhu kamar na amarya. Da aka zazzage, Malam, ƙasa ce da karare da gashin kaji da kashin awaki. Tsakiyar kuma ta dunƙule da fumfuna, domin an yayyafa ruwa ya yi nauyi a sikeli. Wani ɗan Bangaladash ya ɗauki kashin akuya da yatsu biyu yana tambayar Musbahu ko wannan ma kayan ƙamshin ƙasarku ne. Suka yi ta dariya. Na gode Allah da niƙabi ya rufe mini fuska.

Abdulƙadir, mai sayar da tunani, waya ta kama shi a daidai lokacin, ya fita amsawa. Har yau bai gama amsawa ba. Tuwona dai ya huta.

Yayanka ya ɗauka nan ma kasuwar Alhamis ce, inda za ka cuci baƙo ya hau mota ya tafi ba ku sake haɗuwa. Shekara nawa yana wannan? Haka ya yi da gero, haka ya yi da riɗi, kuna cewa wayo ne. Ga wayon ya hau jirgin sama ya zo ya tsirara mu a gaban Larabawa. Sannan a zauna a gindin bishiya ana cewa ƙasashen waje ba sa son kayanmu saboda baƙin ciki. Wane baƙin ciki? Mutumin nan da bakinsa ya nema.

Abu Nayif bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dubi Musbahu ya ce, “Ka ce mini na mahaifinka ne.” Shi ke nan abin da ya faɗa. Daga baya ya aiko cewa zai karɓi kaya sau ɗaya tak kafin azumi, saboda naka da ya gani. Idan aka sake samun irin wannan, ba zai sabunta iƙamar yaron ba. Ka san ma'anarsa: shi da Kamila da jaririn duk sai gida, kuma aikin tuƙin da ke riƙe da mu duka ya tafi.

Na san yadda aka yi. Ya turo buhunansa ƙofar gidanka ya ce a haɗa da nasa, kai kuma ka ji nauyin kwance ɗinkin babban wa. Wannan karon ka kwance, a gabansa, kowane buhu har gindi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ina jiran amsarka.

Matarka,
Sabuwa

Manfuha, Riyad
Watan Rajab

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na ji an ce idon Inna da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Mu nan jiki lafiya.

Takardarka ta iso, na karanta ta a hankali har ƙarshe. Ka ce Yaya Maulud ya rantse ba shi ba ne, yaran da suka ɗura ne. Ka ce shi ya riƙe ka bayan rasuwar Baba, shi ya yi maka aure, kuma a gidanku ba a taɓa buɗe buhun babba ba, domin daidai yake da kiransa ɓarawo. Ka ce ya riga ya tara na wannan karon ya ɗinke, har ya ninka na farko, mu yi ta addu'a.

Addu'a muna yi. Amma ban taɓa jin addu'ar da ke mai da kashin akuya zoɓo ba.

Da a ce yaran ne, ai da shi zai fara cewa a kwance a gani. Mai gaskiya ba ya tsoron bakin buhunsa. Ya ɗinke da wuri ne domin ya san ƙaninsa, ya san kunyarka ta fi zarensa ƙarfi. Riƙon da ya yi maka Allah ya saka masa, amma ba da abincin jikanka za a biya shi ba.

Akwai wani mutumin Sudan a nan unguwar da ya ce zai ba Musbahu zoɓo mai kyau ya kai a matsayin namu. Yaron ya ƙi. Ya ce ba zai yi wa Abu Nayif ƙarya ba, kuma ba zai tsallake mahaifinsa ba, abin da ka aiko shi zai kai ko da shi ne ƙarshen zamansa. Ka ji ɗan da ka haifa. Yana nan yana tuƙi da ciwon baya yana kare sunanka, kai kana can kana kare sunan wanda ya jiƙa buhu. Kamila ta fara tambayata ko gadon jariri zai shiga jirgi. 

Saboda haka na ce wa Musbahu ya matso mini da ranar dawowa, ba zan jira bizata ta ƙare ba. Zan sauka Kano ranar ɗaya ga Sha'aban in Allah ya yarda, kafin a ɗora kayan. Tunda ƙani ba ya buɗe buhun wa, ni ba ƙanwarsa ba ce. Zan shimfiɗa tamfol a ƙofar gida da rana tsaka, in sa wuƙa in farke su ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsaye, maƙwabta suna kallo. Mai kyau ya tafi Riyad, sauran ya kwashe ya kai wa awakinsa, da ma rabi nasu ne. Kai ba sai ka fito ba. Ka zauna a zaure ka ce matarka ta je Saudiyya ta dawo da girman kai. Danginka za su yarda, sun daɗe suna neman abin faɗa.

Na san abin da zai biyo baya. Zai ce ko ni ko shi, kuma ban san wanda za ka zaɓa ba, bayan duk shekarun nan. Wannan ne ke hana ni sukuni, ba farke buhun ba. Abu ɗaya nake so ka gaya mini domin in san inda zan ce wa direba ya sauke akwatina: ɗakina, ko gidanmu na Gumel. Ko wanne ka faɗa, buhunan sai na buɗe.

Ka aiko da amsa kafin Juma'ar ƙarshe ta Rajab. Ka gaishe da Inna, kada ka gaya mata komai tukuna. Allah ya ƙara maka lafiya.

Matarka,
Sabuwa