Na Kusa Ƙarar Da Abokaina Saboda Taron Talata

Malama Busaina, ki taimake ni, ko da yake ban ga abin da shafin jarida zai yi wa mutumin da littattafan Iskandariyya duka suka kasa gyarawa ba.

Ni tsohon malamin nahawu ne. Na ƙare ƙuruciyata ina gyara wa 'ya'yan mutane wasali, yau ga su a manyan motoci, ni kuwa ina rataye a ƙofar tarago. Tun rasuwar matata nake shan giyar zabibi, wadda ake ƙunso mini a baƙar leda. 'Yata Rabab ta zo ta tarar da ni ina yi wa fanka darasi, jikana Ziyad yana dariya. Ta rantse yaron ba zai sake taka gidana ba sai na nemi taron masu neman rabuwa da kwalba.

Neman ma wahala ne. Da na tambayi mai kantin magani, sai ya ɗaga murya har layin da ke bayana ya ji, wai, Ustaz, ai irinku ba sa sha, sai dai su ɗanɗana. Daga baya wani likita ya yi mini kwatancen wani zaure a unguwar Sidi Jabir, inda ake haɗuwa ranar Talata bayan la'asar.

Ga inda gizo ke saƙa. Mai gadin benenmu, Baba Shahata, ko kyanwa ba ta fita sai ya san inda za ta. Da ya gan ni cikin baƙar kwat, sai bakina ya riga ni, na ce ta'aziyya zan je, abokina Ustaz Fikiri ya rasu. Ya yi salati, ya yi addu'a. Talata ta zagayo, na kashe malamin lissafi. Wadda ta biyo, na kashe shugaban makaranta, kuma wannan kam ban yi nadama ba.

Abin kunyar, ban taɓa shiga zauren ba. A shagon gahawa da ke kallon ƙofar nake zama. An ce duk wanda ya shiga sai ya faɗi sunansa tsirara, babu Ustaz, ya ƙara da cewa shi mashayi ne. Malama, ni na san kalma. Mashayi suna ne da ke manne wa mutum kamar maƙeri ko masunci. Ni nakan sha ne kawai, ba sana'ata ba ce.

To, shekaranjiya Shahata ya ci karo da marigayi Fikiri a kasuwar kifi yana cinikin sardin. Bai ce mini ƙarya na yi ba. Cewa ya yi mamacin yana gaishe ni, kuma Talata mai zuwa zai raka ni don shi ma ya samu lada. Abokai biyu suka rage mini. Ina zan sami taron da ba a san ni ba, kuma ba a cin zarafin nahawu?

Wanda Allo Ya Ci Amanarsa, Iskandariyya

Ustaz, Allah ya jiƙan waɗanda ka kashe, ya kuma ƙara musu lafiya.

Tsoronka ba shirme ba ne. Mutumin da aka yi shekaru ana miƙe masa a aji, ba ƙaramin abu ba ne ya zauna a kujerar roba ya faɗi sunansa kawai. Idan Sidi Jabir ta yi maka kusa, likitan nan zai san wasu tarukan a wasu unguwanni, 'yan zauren ma sun sani. Ka koma wurinsa ko ta yaya, domin wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba tare da kulawar likita ba.

Amma bari in tambaye ka: wa yake kwashe sharar benenku? Shahata ya san ƙarar kwalabenka kafin Rabab ta sani. Mutumin da ya ga gawa tana cinikin kifi bai tona ka ba, ya ce zai raka ka, ba lada yake nema ba, kai yake nema. Ka bar shi ya kai ka bakin ƙofa, ya zauna a kujerarka ta shagon gahawa, ya tabbata ka shiga.

Batun kalma kuwa, babu mai tilasta maka buɗe baki ranar farko. Ka zauna, ka saurara. Sai dai ka fi ni sanin cewa aikin da ake maimaitawa kullum shi ke haifar da suna. Mai zuwa bakin teku da komar kamun kifi kowace safiya, ko ya ƙi ko ya so, masunci ne.

Rabab ma tana da gaskiya, ba ta son ɗanta ya riƙa tuna kakansa da darasin fanka. Idan ka fito, ka kira ta ka ce ka shiga, kada ka ƙara alkawarin komai.

Ka sa baƙar kwat ɗin ranar Talata. Wannan karon akwai abin binnewa na gaske, wato shan giyar nan, kuma gara a binne shi da a binne ka, don Fikiri ba zai zo ta'aziyyarka ba sai ka janye tasa. Allah ya ba ka sauƙi, ya dawo maka da Ziyad, ya bar maka abokanka biyu da rai.

Busaina