Likkafanin Baba a Filin Silima

Dakoro, daren Juma'a, watan Rajab

Har yanzu raina a ɓace yake. 'Yan ƙungiyar silima sun zo daga birni, kwamanda, Baturen da ke mulkin garinmu, ya sa ni tafinta. Shugabansu ya daɗe yana ba da tarihinsu, wai shekara da shekaru suna nuna silima a manyan garuruwa, ba don riba ba, don su buɗe idon jama'a. Ni kuma ina maimaitawa da Hausa kamar aku.

Ƙyallen da suke haska silima a kansa ya yage a hanya. Gardi, wato dogarin kwamanda, ya bi gida-gida neman farin yadi, ya fito da na Baba, wanda ya wanke da ruwan Zamzam ya ajiye don likkafaninsa. Na gane shi tun ana ɗaure shi jikin gawo, ban ce uffan ba. Abin da ke cina ke nan.

Aka hasko Nasara maza da mata suna rawa a kansa, jama'a na ta dariya.

Da aka watse na naɗe shi na kai gida. Baba ko taɓawa bai yi ba. Ya ce, "Mayar musu, tafinta. Ba ni shiga kabari da rawar Nasara."

Bai taɓa kirana tafinta ba sai yau.