Rasuwar Kanar Mai Jan Alƙalami

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Tsofaffin Hafsoshin Tsare-tsaren Yaƙi ta samu labarin rasuwar babban yayanmu kuma ubangidanmu, Kanar mai ritaya, wanda duk bariki aka sani da Mai Jan Alƙalami. Ya cika jiya da hantsi a kan kujerarsa, ya bar mai ɗakinsa ita kaɗai a gida, 'ya'ya duk sun yi nisa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara talatin da ɗaya marigayin ya yi a ɗakin taswira yana jera haɗurra, babba ya ja masa jan layi, matsakaici shuɗi, ƙarami kore. Tambayarsa kullum biyu ce: abin zai faru? In ya faru, mutum nawa zai kwantar? Da wannan ma'auni ya taɓa sa rijiyar sansani a lamba ɗaya, igwar abokan gaba a lamba huɗu. Mai girma Kwamanda ya yi ta bambami, ya ce an raina masa yaƙi, ya yayyaga takardar. Wallahi ba a kwana uku ba rabin bataliya suna layin bayan gida, shi Kwamandan yana gaba da butarsa. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba aka janye.

Mun sha yi masa tsiya, cewa ko shayi zai sha sai ya auna haɗarin cokali. Yau kunya ta ishe mu.

A aljihun teburinsa aka tsinci tsarin zaman makokinsa da rubutun hannunsa. Ruwan sama, kore. Ƙarancin kujeru, shuɗi. Dogon jawabin Kakakin Ƙungiya, wato ni, ja, lamba biyu. Na ji, Allah ya yafe masa. Lamba ɗaya kuwa ita ce ranar da masu gaisuwa za su watse, a naɗe tabarmi, gida ya yi tsit, alhali mai ɗakinsa, baiwar Allahn nan, ba za ta taɓa buɗe baki ta ce a zo ba. A ƙasa ya raba mana kwanaki, kowa da iyalinsa da ranarsa, har shekara guda.

Ƙungiya ta amince da tsarin ba gyara. Muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalansa haƙurin jure wannan babban rashi.

Yaya, uwargidan Kanar, ba sai kin kira ba. Litinin tamu ce, ni da mai ɗakina muna tafe bayan la'asar.

Sa hannu:
Manjo Dogo mai ritaya,
Kakakin Ƙungiya